Kyamarar da Za Ta Leƙa Ƙuryar Idon Jariri

Lacca ga ma'aikatan lafiya, ungozomai da iyaye a Lagdo

 

Idan aka ambaci ciwon ido a Lagdo, hankalin kowa kan tsofaffi yake tafiya. An saba ganin dattijo jikansa na jan shi da sanda zuwa asibitin ido, a cire masa yana, kwana biyu ya koma gida yana gane fuskokin iyalinsa. Ƙungiyar Ophtalmo Sans Frontières ta ƙasar Faransa ta daɗe tana wannan aiki a arewacin Kamaru, Lagdo kuwa na cikin garuruwan da take da cibiya. Sai dai yana a gaban ido take, mai tocila ma yana iya hango ta. Cututtukan da za a yi magana a kansu yau a can ƙuryar ido suke ɓuya, kuma waɗanda suke kamawa ba su da bakin faɗa, domin wasunsu bai fi sati uku da raɗa musu suna ba.

A bangon baya na ƙwayar ido akwai wani tantani siriri, kaurinsa bai wuce rabin milimita ba. Shi ke karɓar haske ya mai da shi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Likitoci na ce masa ratina, a nan za a kira shi tantanin gani. Nan ne kaɗai a jikin mutum ake kallon ƙananan jijiyoyin jini tare da kan jijiyar da ta fito daga ƙwaƙwalwa ba tare da an tsaga fata ba. Bajamushe Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa wurin a 1851, kamfanin Zeiss kuma ya fara sayar da kyamarar ɗaukar hotonsa a 1926. Duk waɗannan don babba aka ƙera su, wanda za a ce masa ya ɗora haɓa a nan, ya kalli can, kada ya ƙifta. Jariri ba ya jin ko ɗaya daga cikin ukun.

Wanda ya fi kowa buƙatar a leƙa masa shi ne bakwaini. Jijiyoyin jinin tantanin gani suna fara tsirowa daga tsakiya tun ciki na da sati 16, suna bazuwa sannu a hankali, ba sa isa gefe sai dab da cikar wata tara. Wanda ya san yadda ruwan madatsar Lagdo ke bin magudanai zuwa gonakin shinkafa zai gane maganar: jaririn da ya zo da wuri an haife shi ne magudanan ba su kai gonakin ƙarshe ba. Ya fito duniya, an sa shi a kwalba, an ba shi iskar oksijin don ya rayu. Idan iskar ta yi yawa, jijiyoyin sai su tsaya cak, sun ɗauka aiki ya ƙare. Bayan makonni, yankin da jini bai kai ba ya fara jin yunwa, ya saki wani sinadari mai kiran sababbin jijiyoyi. Su kuwa sai su taso a hargitse, su yi ta zubar da jini, su bar tabo, tabon ya ja tantanin ya ɓamɓare shi daga bango. In ya ɓamɓare gaba ɗaya, da wuya gani ya dawo.

Likita Theodore Terry na Boston ne ya fara bayyana cutar a 1942. Cikin shekara goma da suka biyo baya ta makantar da yara kusan 10,000, yawancinsu a Amurka, a asibitocin da suka fi ko'ina kayan aiki. Mawaƙin nan Stevie Wonder, wanda aka haifa a 1950, yana cikinsu. Kate Campbell a Melbon ta Ostareliya ta ɗora zargi kan oksijin a 1951, Arnall Patz a Washinton ya gwada ya tabbatar a 1952. Sai aka yi gyaran gangar auzinawa: aka rage iskar ƙwarai, makanta ta ragu, mutuwa ta ƙaru. Wani masani ɗan Ingila, Kenneth Cross, ya ƙiyasta a 1973 cewa duk yaro ɗaya da aka tsare wa ido, an rasa rayuka 16. Don haka kada wani ya fita daga zauren nan ya ce oksijin guba ce. Magani ce da ake aunawa, kuma mizanin da aka fi bi a yau shi ne na'urar da ake maƙala wa jariri a ƙafa ta riƙa nuna tsakanin 90 da 95.

Me ya kawo wannan tsohon labari Lagdo? Cutar tana bin ci gaba ne a baya. Inda bakwaini ba ya rayuwa, ba a ganinta. Inda aka samu kwalba da tukunyar oksijin, amma ba a samu isassun na'urorin aunawa da malaman jinya da likitan ido ba, nan take yin sansani. Haka ta yi a Latin Amurka da gabashin Turai, ta koma Indiya da Sin, yanzu kuma likitocin Najeriya da Kenya da Ruwanda suna ba da rahotonta. Wani ƙiyasi da aka buga a 2013 ya ce a shekarar 2010 kaɗai jarirai kusan 184,700 sun kamu a duniya, 20,000 daga cikinsu sun makance ko sun kusa. Duk ɗakin jarirai da aka buɗe a Garwa ko Marwa ko Ngaundare abin murna ne, amma a san cewa da wannan baƙuwa yake tafe.

Abin takaici da abin farin ciki duk a lokaci suke. A yawancin jarirai cutar kan lafa da kanta. A kaɗan takan yi tsanani, kuma alamar ita ce jijiyoyin tsakiya su kumbura su nannaɗe. Daga ranar da aka ga haka, kwana biyu zuwa uku ake da su a yi aiki, ko a ƙona yankin da jini bai kai ba da hasken leza, ko a yi allurar da ke kashe kaifin sinadarin nan a cikin ido. Kafin wannan lokaci babu abin yi sai sa ido, bayansa kuma an makara. Daga waje ido fes yake, ba ja, ba kwantsa, ba hawaye. Uwa ba za ta lura ba sai yaro ya kai wata huɗu ko biyar ba ya bin fuskarta da kallo.

Hanyar da aka gada ita ce likitan ido ya ɗaura fitila a goshi, ya riƙe gilashi a hannu, ya sunkuya kan jariri, ya zana abin da ya gani a takarda. Hanya ce mai kyau, amma tana son ƙwararre a gefen gadon kowane sati, kuma abin da ya gani shi kaɗai ya gani. Kyamara ta zo ne ta raba aikin biyu: wani ya ɗauki hoto a nan, wani ya yanke hukunci a can.

Ƙera ta kuwa ba wasa ba ne. Tsawon idon babba daga gaba zuwa baya kusan milimita 24 ne, na jariri 16 zuwa 17, na bakwaini bai ma kai haka ba. Ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido ƙarama ce, kuma ta nan haske zai shiga, ta nan hoton zai fito, ba tare da sun yi karo sun dusashe juna ba. Kyamarar manya tana ɗaukar faɗin digiri 45 ne a tsakiya, alhali cutar bakwaini a gefe take farawa. Sannan akwai abin da ya shafi yaran nan kai tsaye: baƙin ido mai duhu ba ya saurin buɗewa da maganin ɗigawa, kuma bangon idon baƙar fata yana shanye haske, hoto ya fito da duhu. Na'urar da aka gwada a kan jariran Turawa kaɗai tana iya zuwa nan Binuwai ta ba da kunya.

Wata kyamara mai suna RetCam ce ta fara warware matsalar, a Kalifoniya, a 1997. Ga yadda aikin yake. Ana ɗiga wa jariri maganin buɗe ido kusan awa guda kafin a fara. A naɗe shi da zani, malamar jinya ta riƙe kai, idonta na kan na'urar bugun zuciya, domin bakwaini kan ɗauke numfashi in ya ji wuya. A ɗiga maganin kashe zafi, a sa ɗan ƙarfe mai buɗe fatar ido, a zuba wani ruwa mai kauri. Sai mai ɗauka ya ɗora bakin kyamarar a kan ƙwayar idon a hankali, ba dannawa, yana kallon allo, yana daidaita haske da ƙafa. Ya ɗauki tsakiya, ya karkata sama, ƙasa, wajen hanci, wajen kunne. Faɗin digiri 130 take kamawa. Cikin 'yan mintoci an gama, yaro na tsala kuka, a miƙa shi ga uwarsa. Iyaye da yawa ba sa iya tsayawa su kalla, kuma ba a ga laifinsu ba. Amma idan aka juya musu allon suka ga jijiyoyin ɗansu da idonsu, su ne kan riga kowa zuwa sati mai zuwa, abin da zanen takarda bai taɓa yi ba.

Aibinta kuɗi. Farashinta ya kai wajen dalar Amurka 100,000, wato sama da sefa miliyan 50.

Wasu sun bi ta wata hanyar. Douglas Anderson, injiniya a Sikotilan, ɗansa mai shekara 5 ya rasa ido ɗaya saboda tantanin ya ɓamɓare ba a gano da wuri ba, duk da ana kai shi awo. Ya kafa kamfanin Optos a 1992, ya ƙera na'urar da ke ɗaukar digiri 200 ba tare da ta taɓa ido ba. A Okusfod likitoci sun koyi tallabo jariri a hannu su kai fuskarsa gaban na'urar. A Jami'ar Duke, Cynthia Toth ta jagoranci mai da wata babbar na'ura mai nuna tantanin hawa-hawa ta zama ta riƙewa a hannu, har a kai ta gefen kwalba. A Cikago ana gwajin haska ido ta gefen farinsa, don a bar ƙofar tsakiya ga hoto kaɗai. A Legas kuwa likitoci sun wallafa a 2016 yadda suka duba bakwaini da wayar hannu da gilashin likita. Hoton waya bai kai na RetCam faɗi ba, kuma yana son hannu mai natsuwa, amma ya fi babu.

Darasin da ya fi dacewa da arewacin Kamaru daga Indiya ya fito, kuma ba a kan na'ura yake ba. A 2008 likita Anand Vinekar na asibitin Narayana Nethralaya a Bangalor ya fara wani shiri mai suna KIDROP a jihar Karnataka. Ya horar da ma'aikatan da ba likitoci ba, ya sa su a mota da kyamara, kowane ɗakin jarirai da ranarsa a sati. Su ɗauki hoto, su ware shi ja ko ruwan lemo ko kore, su tura wa likita ta intanet ya duba a wayarsa. Ja na nufin a yi aiki yanzu. Da aka ga tsarin ya kama, sai wani kamfani na garin, Forus Health, ya ƙera kyamara mai suna 3nethra neo, mai faɗin digiri 120, wadda ake sawa a akwati, farashinta bai kai rabin na ta Amurka ba. Indiyawan sun kuma gano cewa ma'aunin Turawa bai ishe su ba. A Amurka jaririn da bai wuce giram 1,500 ko sati 30 ba ake dubawa. A Indiya an ga cutar a jarirai masu nauyi fiye da haka, saboda oksijin da ba a auna ba, sai suka ɗaga ma'auninsu zuwa giram 2,000 da sati 34. Hankali ya fi kwanciya da a bi na Indiya a nan.

Ƙirƙirarriyar basira ma ta shigo. A Jami'ar Lafiya ta Oregon an koya wa kwamfuta gane kumburin jijiyoyin nan daga dubban hotuna, kuma a rahoton 2018 ta yi daidai fiye da yawancin ƙwararrun da aka gwada ta da su. Abin a yaba ne, amma a tambayi mai tallarta: da idon yaran wace ƙasa aka koya mata?

Yanzu a bar ɗakin jarirai a shiga ɗakin yara a watan Satumba, lokacin da tafki ya cika, sauro ya yi yawa. An kawo yarinya 'yar shekara 3 daga wani sansanin masunta, jiki zafi rau, ta yi jijjiga, ta faɗa doguwar suma. An gwada jini, an ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Kowa zai ce zazzaɓin ne ya hau ƙwaƙwalwa. To amma a irin wannan wuri, a irin wannan wata, yara da yawa da ke wasa a waje ma in an gwada su za a ga ƙwayar. Ganinta a jini bai tabbatar da cewa ita ta jawo sumar ba.

A asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi aka bi diddigin wannan. Likitar ido Susan Lewallen ta bayyana a 1993 cewa akwai alamomi a tantanin ganin irin waɗannan yara: farare-fararen tabo, jijiyoyin da suka koma ruwan lemo ko fari maimakon ja, da ɗigon jini mai farin tsakiya. Dalili shi ne jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna manne wa bangon ƙananan jijiyoyi su toshe su, kuma abin da ke faruwa a ido shi ke faruwa a ƙwaƙwalwa, tun da tushensu ɗaya. A 2004 Terrie Taylor da abokan aikinta suka wallafa binciken gawarwakin yara 31 da aka ce wannan zazzaɓi ne ya kashe su. Bakwai daga cikinsu, kusan ɗaya cikin huɗu ke nan, wani abu dabam ne ajalinsu. Alamar da ta bambanta su tun suna raye ita ce ta cikin ido.

Amfanin wannan ga malamin asibiti a bayyane yake. Allurar zazzaɓi ba za a fasa ta ba ko an ga alama ko ba a gani ba. Amma idan ido ya fito fes, sai a ƙara ƙaimi wajen neman wani dalilin: sanƙarau, ƙarancin sukari, guba, buguwa a kai. Yaron da ke cikin suma ba ya motsi, ɗaukar hotonsa ya fi na bakwaini sauƙi, kuma wani kamfani a Amurka, VisionQuest Biomedical, ya haɗa ƙaramar kyamara da manhajar da ke gane alamomin, aka gwada a Malawi. Kamaru ce ƙasar farko da ta sa rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum, ranar 22 ga Janairun 2024, ga kuma maganin damina da ake raba wa yara a Arewa da Arewa Mai Nisa. Duk da haka ɗakin yara zai ci gaba da karɓar masu suma. Idan asibiti zai sayi kyamara ɗaya, wannan shi ne dalili na biyu, kuma a Lagdo wataƙila shi ne ma na farko.

Na uku shi ne ciwon dajin tantanin gani, wanda ke kama yaro ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000, galibi kafin shekara 5. Wani bincike ya bi yara sama da 4,000 da aka gano a 2017 a faɗin duniya. A ƙasashe masu arziki 99 cikin 100 suna raye bayan shekara uku, a ƙasashe matalauta 57 ne kacal. Bambancin lokacin zuwa asibiti ne. Alamar farko wani farin ƙyalli ne a tsakiyar baƙin ido, wanda uwa kan hango da magariba ko a hoton waya mai walƙiya, wani lokaci kuma ido ya harɗe. Wannan ba ya jiran kyamarar miliyoyi. Jami'ar St Andrews ta Sikotilan tana yaɗa wata 'yar fitilar duba ido mai suna Arclight, mai caji da hasken rana, wadda ake sawa a aljihu. A shiga ɗaki mai duhu, a tsaya nesa da yaro kamu biyu ko uku, a haska idanu biyun tare. A yaranmu hasken da ke dawowa ba ja sosai ba ne, yakan yi ruwan lemo ko ya ɗan koɗe. Abin lura shi ne idanun su yi daidai da juna. In ɗaya ya yi fari ko ya yi duhu, a tura yaron a satin nan, kada a ce a gwada tozali tukuna.

Masu ƙera na'urori su ji wannan daga bakin Binuwai. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, batir da allo su san da haka. Hunturu na zuwa da ƙurar da ke shiga ko'ina. Madatsar da aka gina tsakanin 1977 da 1982 an yi ta ne don megawat 72, amma shekarar da ruwa ya ja baya kowa ya san yadda wuta take yi, don haka na'ura ta iya wuni a kan batir. Ta iya ajiye hoto ta tura in layi ya dawo. Rubutunta ya kasance da Faransanci. Bakinta ya jure gogewa da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin jariri da jariri. In igiyarta ta tsinke, a samu mai gyara a Garwa, ba a Turai ba. Ɗakunan ajiya na asibitocin Afirka cike suke da kyaututtukan da suka mutu saboda abin jaka biyar.

Masu sayen na'ura kuma su ji nasu. Hoton da ba magani a bayansa ƙarin baƙin ciki ne kawai. Cibiyar ido ta Magrabi da aka buɗe a Obak kusa da Yawunde a 2017 tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga nan, mota zuwa Ngaundare, sannan jirgin ƙasa na dare. Ba a ɗora bakwaini mai kilo ɗaya da rabi a wannan hanya cikin kwana uku. Kafin a biya kuɗin kyamara, a san wa zai karanta hoton, a san wa zai riƙe leza ko allura a Garwa, a horar da shi. Garwa na da makarantar koyon likitanci yanzu, wurin da ya kamata a fara ke nan. Takardar lafiya ta masu ciki, wadda ake saya jaka shida a yankunan arewa, tana ɗaukar nauyin uwa da jariri har kwana 42 bayan haihuwa. Duban ido na farko a wajen kwana 30 ake yinsa. Yana cikin wa'adin, saura a rubuta shi cikin abin da takardar ke biya.

Ungozomai da iyaye mata, naku aikin ba ya jiran kowa. Duk jaririn da aka haifa bai kai kilo 2 ba, ko ya zo kafin wata takwas, ko ya kwanta a kwalba da robar iska a hanci, a ƙirga kwana 30 daga haihuwarsa a rubuta ranar a katinsa. Ko maijego ta tafi wankan gida, ko kaka ta ce ba a fita da ɗanyen jariri kafin arba'in, a kai shi wurin likitan ido a wannan rana, a ce masa bakwaini ne, a duba masa ƙuryar ido. In ya ce a dawo bayan sati ɗaya, a dawo bayan sati ɗaya.